Sabulu, Kalmar da Baƙon Ya Gane

Muciyar ce ta fara gaya mini. Ina juya kwaɓin sabulu a cikin rabin durom, sai na ji ta yi nauyi farat ɗaya, kamar wani ya riƙe ta daga ƙasa. Kwaɓi ba ya kama jikinsa da wuri haka. Sai wata siririyar ƙara ta biyo baya, irin ta shinkafa idan ruwanta ya kusa tsotsewa. Na sunkuya in duba. Tsakiyar kwaɓin ta kumbura, ta tsage, abin ya yi tsalle ya same ni a kumatu da idon dama.

Sunana Kwanye. Iyayena mutanen Michika ne, amma a Mubi na tashi, a nan na gama sakandare. Ina rubuta wannan ne saboda 'yan matan da ke tare ni a coci da bakin famfo suna cewa in koya musu sabulu. Sun gani a waya, wai ai haɗa abu biyu ne kawai a zuba kala da turare. Wasu ma sun je horon 'yan kwanaki, an sallame su da bokiti da takardar shaida. Ba zan hana kowa neman abincinsa ba, amma ku karanta tukuna.

Aikin farko da Mama Rahila ta ba ni wankin bokitai ne. Mama Rahila 'yar Duvu ce, mijinta ya rasu tun da daɗewa, da sabulu ta riƙe 'ya'yanta, a ƙarƙashin wata rumfar kwano a bayan gidanta. Innata ce ta kai ni wurinta da maganar ci gaba da karatu ta tsaya. Damina guda cur ban taɓa soda ba. In wanke bokitai, in shimfiɗa leda a akwatunan katako da ake zuba kwaɓi, washegari in juye, in yanka da siririyar waya, in jera a inuwa ya sha iska. Idan yanka ya karkace, Mama ba ta faɗa. Ajiye shi take yi a gefe ta ce wannan nawa ne, in kai wa innata ta ga aikin 'yar sakandare.

Kayan aikin ba su da yawa. Durom na roba da aka raba biyu, muciyar katako, akwatunan zubi, da wata siririyar kwalba mai lambobi da ake tsomawa a ruwan soda a ga ƙarfinsa. Tukunyar dalma ba ta zuwa kusa, soda cin ta take yi. Muna da safar hannu ta roba, duk ta huhhuje. Tabarau ɗaya ne a rumfar, wani mai walda ya ba Mama. Baƙi ne, idan ka sa ba ka ganin launin kwaɓi, gumi kuma ya rufe shi nan take. A jikin ƙusa yake rataye tun da na zo.

Ranar da ta fara barina in jiƙa soda, sai da ta sa na maimaita dokar kamar karatun Lahadi. Soda ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda. Da ta shiga, ruwan zai ɗauki zafi da kansa ba tare da wuta ba, har bokitin ya gagari taɓawa, tururin kuma ya kama maƙogwaro. Sai a rufe a bar shi ya kwana ya huce. A ɗora shi sama, domin idan ya kwanta ba ka bambance shi da ruwan sha, kuma a unguwarsu ta dā akwai gidan da aka yi rashi ta wannan hanyar. Ɗigo ya taɓa yatsana ran nan, ban ji zafi ba, sai santsi. Mama da “ka” take kiran kowa, mace ko namiji, kamar yawancin tsofaffinmu. Ta kama hannuna ta ce, “Santsin nan da ka ji, fatarka ce ke narkewa.” Ta shafa mini man gyaɗa. Haka take yi kullum, haka wadda ta koya mata ta yi mata. Kuma da hujjarta: sana'ar gaba ɗaya ita ce soda ta haɗu da mai, mai ya cinye ƙarfinta, sabulu ya fito. To, me zai kashe soda a jiki in ba mai ba? Babu wadda ta taɓa tambaya a cikinmu.

Ranar da na fara zama ni kaɗai a teburinmu na kasuwa, wata Bafulatana ta tsaya da ƙwaryar nono a ka, ta nuna sandar sabulu ta ce saabulde. Fulatancina bai yi ƙwari ba a lokacin, amma na gane. Kafin azahar wani ɗan Kamaru mai sari ya ce savon. Da yamma wasu Larabawan Cadi da suka kawo shanu suka ce sabun. Na koma ina ba Mama labari kamar na tsinci wani abu a hanya. Ta ce ai shi ya sa sana'ar ta yi mata daɗi. Mai sayar da gishiri ko barkono sai ya koyi sunan kayansa da bakuna da yawa, ita kuwa duk wanda ya gangaro daga dutse ko ya tsallako iyaka, da ya buɗe baki ta san abin da yake nema. Ko da yarenta da namu, sunan bai yi nisa da na Hausa ba, ɗan lanƙwasa shi kawai muke yi. Wanda ya fita daban shi ne ɗan Ibon da muke sayen soda a shagonsa. Ya ce su ncha suke cewa, don ba su zauna jiran baƙo ya kawo musu suna ba. Mama ta ce masa to tunda shi ɗan gado ne, ya daina sayar mata da sodar da ta sha iska ta dunƙule.

Suna ɗaya, amma kowa da abin da yake nufi da shi. Matan Fulani da farce suke danna sanda, suna son mai tauri wanda ba zai narke a kan dutsen wanki a bakin mayo, wato rafi, ba. 'Yan Kamaru babban yanka suke so, ruwan ɗorawa. Masu sayar da abinci kumfa kawai suke tambaya. Tsofaffi sukan shinshina su ce bai kai na toka da man kaɗanya da iyayensu ke dafawa ba, sannan su saya.

Shekarar da komai ya yi tsada ce ta karya mu. Alayyadi, man ƙwarar manja da muke aiki da shi, daga kudu ake kawo shi a mota, ya zama duk zuwa shago sai ka tarar ya ƙara hawa. Masu sabulu da yawa suka kife durom. Wasu suka koma cika kwaɓi da ruwa da farar ƙasa, sabulu ya bushe ya motse kamar tsohuwar kuɓewa. Mama ta ƙi. Ta ce garin da ke da kasuwar shanu ba zai rasa kitse ba. Aikina ya koma zuwa kwata da sassafe, in ɗauko kitse a daro, ƙudaje na bina har gida. Mu narka shi a wuta, mu tace da buhu, maƙwabta na ƙorafin ƙauri. Kitse kuma da halinsa. Alayyadi yana jiranka, kitse ba ya jira. Idan ya huce ya daskare, idan ya yi zafi da yawa ya yi faɗa da soda. Da bayan hannu Mama ke taɓa jikin durom ta san lokacin.

Sai bazara ta zo a kan haka. Rijiyoyin unguwa suka ƙafe, mayo ya koma yashi, mata na tono da ƙoƙo. 'Yan garuwa sukan wuni a layin burtsatse, wanda ya yi maka alkawarin safe ka gan shi da la'asar, ko washegari.

Ɗan Kamarun nan mai sari ya ba mu aiki babba, irin wanda ba mu gani ba tun farkon shekarar, zai ɗauka idan zai koma bayan an ci kasuwar shanu. Sabulu yana buƙatar kwanakin da zai yi tauri, lokaci ya ƙure. Ranar da ya kamata mu jiƙa soda, mai ruwanmu bai zo ba. Da safe Mama ta bi maƙwabta ta roƙo ɗan abin da suka iya ragewa, duk muka juye a bokiti muka jiƙa soda a ciki. Muka zauna jiran ta huce. Kafin ta huce kitse ya fara kama jiki, muka mayar da shi wuta. Kafin kitse ya sauko, rana ta take, kwanon rumfa ya ɗau zafi, bokitin soda ya ƙi sanyi. Mama ta taɓa wannan, ta taɓa wancan. Daga ƙarshe ta ce mu gwada, in juya a hankali. Ta zuba, ta shiga ɗaki ɗauko kala. Ba ta kai ga fitowa ba abin ya faru.

Zafin farko na wuta ne, wannan na san shi. Na biyun ban san irinsa ba, kamar ana tura allura a hankali ana murza ta. Idon ya rufe kansa gam. Ina ta cewa ruwa, ruwa. Na ji moɗa tana kankarar gindin randa, babu komai. Sai na ji hannun Mama a haɓata, ta ɗaga fuskata sama. “Tsaya, 'yata, kar ka murza. Mai zai kashe shi.” Ta buɗe fatar idon ta tsiyaya man gyaɗa. Bai kashe komai ba. Na fizge, na buga da ƙyauren gida, na faɗa titi.

Mutane suka taru, ina jin muryoyinsu ta ko'ina. Wata ta ce a nemo mai goyo ta tatsa mini nono a idon. Wani ya ce ruwan sukari. Wani ya ce a kai ni kemis. Kowa na magana, babu wanda ya taɓa ni. Ni kuwa abin da ke fita daga bakina kawai soda, sabulu, idona. Sai wata murya ta tsoho ta zo dab da kunnena, da warin shanu da shayi a jikinsa.

“Sabun?”

Na ce e.

“Sabun,” ya sake cewa, wannan karon ba tambaya ba ce.

Ya damƙe ƙeyata yadda ake damƙe maraƙi idan za a ɗura masa magani, ya ja ni 'yan taku. Ashe kurar mai ruwanmu ce ta shigo layin a daidai lokacin, wadda muke jira tun jiya. Ya zaunar da ni a ƙasa, ya kwantar da kaina a gwiwarsa ta ɓangaren dama don kada ruwan ya gangara zuwa ɗayan idon, ya ɓare fatar da babban yatsa, ya fara kwarara. Yana ta cewa almi, almi, wanda daga baya na ji ruwa ne da Larabcin mutanen Cadi. Mai ruwa na ƙorafi cewa ruwan mutane ne, tun asuba yake layi. Tsohon bai ji Hausa ba, ko ya ji ma ban ga alamar zai kula ba. Jarka ta ƙare ya miƙa hannu a ba shi wata. Na yi shure-shure, na cije shi a hannu har na ji gishirin jini. Bai sake ni ba. Na ji Mama na cewa ya isa haka, yarinyar za ta shaƙe. Sai da ya ƙarar da ruwan kurar kaf, ina kwance cikin taɓo.

Shi ya tare keke ya tura mu ciki ni da Mama. Mai keken yana yawan ɗaukar fataken shanu, ya tsinci Larabci kaɗan. A hanya ya ce mana tsohon ya gaya masa matarsa sabulu take yi a ƙasarsu, kuma ido ɗaya gare ta. Ban ga fuskarsa ba. Ban san sunansa ba. A cikin duk abin da na yi ta ihu a titin nan, kalma ɗaya ce ta shiga kunnensa.

A asibiti aka rataya ledar ruwa, aka sa bakin robar a idona aka ci gaba da wanki. Nas takan ɗauko wata 'yar takarda ta taɓa gefen idon, ta duba launin da ta koma, ta girgiza kai, ta rataya wata ledar. Likitan ido ya tambayi abin da aka fara zuba mini. Mama ta ce mai. Ya ce mata a hankali, mai rufe soda yake yi ya hana ruwa isa gare ta. Ruwa ne kawai, mai yawa, a daɗe ana zubawa.

Mama ta ce, “Ko a hannu ma?”

Ya ce, “Ko a hannu ma, Mama.”

Da idona na hagu na ga ta mayar da hannayenta ƙarƙashin mayafi.

Ni kuma ya gaya mini gaskiya. Ya ce soda ba kamar wuta ba ce da za ta ƙona ta gama. Tana ci gaba da ci tana shiga ciki ko bayan an wanke. Baƙin idona ya yi hazo, kuma ba zai iya cewa komai yanzu ba. Ko ya washe, ko ya koma fari ya zauna haka, wani lokaci ma fatar ido takan manne da ƙwayar. Ya ce in riƙa zuwa kowace safiya. Da ya rufe mini idon hagu ya ɗaga hannunsa, haske kawai na gani da inuwa, kamar ina leƙe ta cikin ledar ƙanƙara.

Kwanakin da suka biyo baya na ɗigon magani ne, innata na riƙe da kwalba tana duban agogon waya. Idan aka sa mai a wuta a gidanmu sai in tsinci kaina a ƙofar waje. Har yau haka nake. Ɗan Kamaru ya zo ya koma hannu wofi. Kwaɓin ya daskare a durom da muciyar a tsaye a ciki, Mama ba ta taɓa shi ba. Kullum takan riga mu isa asibiti, ta zauna a ƙarshen benci, ta gaida innata.

A bencin nan na san Baba Tizhe, tsohon malamin makaranta da aka yi wa aikin yanar ido. Shi bandeji a hagu, ni a dama. Ya ce idan aka haɗa mu za a sami mutum ɗaya mai gani sosai. Da ya ji labarin tsohon nan na Cadi da na masu sayen sabulu a teburinmu, sai ya gyara zama. Ya ce ya yi makarantar horon limaman coci yana saurayi kafin ya gudu ya yi aure, a can ya koyi Latin, kuma a Latin sunan abin sapo. Su Romawan ma aro suka yi daga mutanen ƙasashen sanyi da ke arewa da su, masu haɗa kitse da toka. Kuma wai ba don wanki suka fara yi ba, gashinsu suke rinawa ya yi ja. Daga nan kalmar ta bi fatake. Ta shiga bakin Larabawa ta zama sabun, ta ratso hamada ta iso wurin Hausawa da Fulani. Ta wata hanyar kuma ta zauna a bakin Faransawa ta zama savon, ta shigo jirgin ruwa ta hau ta Kamaru. Ya ce har Indiya da gaɓar gabashin Afirka za ka ji ta. “Ke a teburinki 'yan'uwa biyu suka haɗu, ɗaya ya zo a raƙumi, ɗaya a jirgi.”

Na ce masa mu ma kitse muka koma da alayyadi ya gagara. Ya ce to ashe tsada ta mayar da mu wurin kakannin sana'ar. Sai ya daina dariya. Ya ce shi abin da ya daɗe yana ba shi mamaki, duk ƙasar da kalmar ta je, abin wanki take nufi, abin da uwa ke miƙa wa ɗanta. Wanda ya saya iyakar abin da ya sani ke nan. Sai wanda ya taɓa tsayawa a bakin durom, ko ya zauna da wadda ta tsaya, shi ne idan ya ji ana ihun kalmar a titi zai nemi ruwa da gudu.

Idan za ku yi sana'ar nan, ku sayi tabarau mai haske kafin ku sayi turare. Kada ku buɗe buhun soda sai da babban bokitin ruwa a cike a gefenku, wanda ba na aiki ba ne, ba na sha ba ne, ba a aro. Ranar da babu wannan ruwan, babu aiki, ko wa ke jiran kaya. Ni ban koma rumfar ba tukuna, ban kuma san ko zan koma ba.

Wata safiya, bayan an shiga mako na uku, likita ya ɗiga mini wani magani ruwan ɗorawa, ya sa haɓata a kan na'ura, ya haska shuɗiyar fitila. Ya daɗe yana dubawa fiye da kullum. Sannan ya rufe idon hagu da tafin hannunsa ya ce in karanta allon da ke bango. Na ga babban harafin sama. Na ga na ƙasa da shi. Na ci gaba ina sauka har inda haruffan suka koma tururuwa.

Ya juya ya yi wa nas bayani da Turanci tana rubutawa. Sannan ya ce mini da Hausa fatar baƙin idon ta rufe, sodar ta tsaya, ba ta kai ciki ba. Tabo zai zauna a gefe, hasken rana zai dame ni na wani lokaci, amma idon ya tsira.

Na ji shi sarai, amma maganar ta ƙi zama. Tun ranar farko na lura da yadda harshensa ke karya Hausa irin na mutanenmu na kan dutse, ban dai yi ƙarfin halin tambaya ba. Na ce, “Likita, don Allah, kai ɗan Michika ne?”

Ya ce e.

Na ce, “To ka sake faɗa mini da yarenmu.”

Ya ajiye biro, ya dube ni, ya faɗa da Kamwe, a hankali, yadda ake yi wa ƙaramin yaro magana. Innata ta sa fuskarta a cikin zane. Ni kuwa na ci gaba da zama a kujerar, sai da aka leƙo daga ƙofa na tuna akwai masu jira. Nas ta ce in zauna abina, mai bi mini a layi zai iya jira.